Ƙarya fure take: amsa ga mai neman madubin ɗaukar furanni

A wannan karo wasiƙa ce za mu amsa, wadda ta iso mana daga wani saurayi malamin gona da ke aiki a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Ba za mu ambaci sunansa ba, amma tambayarsa ta cancanci a shimfiɗa ta a gaban jama'a, domin na tabbata ba shi kaɗai take damu ba.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Yana da kamara ta hannu da ya saya shekarun baya, tare da ɗan madubin da aka saba haɗo ta da shi, mai lamba 18-55. Burinsa ya tattara hotunan furannin yankinsa, na gona da na daji da na itatuwa, domin ya riƙa nuna wa manoma da masu kiwon zuma wace tsiro ce ke fure a wane wata, wace ce abokiya, wace ce kuma maƙiyiya. Shekara biyu yana tari, har ya haɗa jika 200. Da ya shiga birni, wani mai shago ya nuna masa dogon madubi mai lamba 70-300, an rubuta kalmar "Macro" a jikinsa, ya ce masa aikin ke nan da aka ƙera shi dominsa. Tambayarsa ita ce: ya saya, ko ya dakata?

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Tun daga farkon shekarar 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jika 42 ne a wata, ka ga abin da ka tara ya kusa albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci. Irin wannan kuɗi ba a miƙa shi saboda kalma ɗaya da aka buga a jikin ƙarfe.

Ina faɗin haka ne domin ramin da kake bakinsa na riga ka faɗawa. Lokacin da na fara aikin jarida na sayi irin wannan madubi, wanda ma'abota sana'a a nan ke kira obijektif, saboda wannan kalma da na gani. Washegari da sassafe na nufi lambunan bakin kogi a Yamai, na durƙusa gaban wata tumfafiya. Na matsa, hoto ya yi dishi-dishi. Na ja da baya, na ƙara ja, sai da na tsaya nesa da ita da mita ɗaya da rabi kafin ya fita. Furen da na zo dominsa ya zauna tsakiyar hoton kamar ƙwayar wake a faifai. Na koma shago, mai shago ya ce ciniki ya riga ya faɗa. A ranar na gane hikimar magabata da suka ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Gani ga wane kuwa ya isa wane tsoron Allah.

Abin da kalmar take nufi

A cikin kamara, bayan madubi, akwai wani ɗan allo mai karɓar haske, shi ne ya maye gurbin fim ɗin da. A manyan kamarori faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daidai da fim ɗin da iyayenmu suka yi aiki da shi. A irin kamarar da yawancinmu ke riƙe da ita, wadda ake kira APS-C, faɗinsa kimanin milimita 23 ne, tsayinsa wajen 15. Madubin makro na gaskiya shi ne wanda zai iya jefa surar abu a kan wannan allo daidai da girman abin a zahiri: ƙudan zuma mai tsawon santimita ɗaya ya ci santimita ɗaya a kan allo. Wannan shi ake rubutawa 1:1. Idan an rubuta 1:2, surar rabin girman abin ce, idan 1:4 ne kuma rubu'i.

Mu kawo lissafin kan kamararka. A 1:1, abin da faɗinsa bai wuce milimita 23 ba zai cika hoto daga gefe zuwa gefe. A 1:2 sai mai kusan santimita 5, a 1:4 kuwa sai wanda ya haura santimita 9. Dogayen madubai masu zuƙowa da ake rubuta wa "Macro" da yawansu a 1:4 suke tsayawa, waɗansu su kai 1:2 a ƙarshen tsawonsu, kana tsaye kusan mita ɗaya daga furen. Babu wata doka da ta hana kamfani buga wannan kalma a kan madubin da bai kai 1:1 ba. Abin mamaki ma shi ne, ɗan madubin nan naka na 18-55, idan ka murɗa shi zuwa 55 ka matsa iyakar matsawa, yana ba da kusan 1:3. Ma'ana, idan wanda aka nuna maka mai 1:4 ne, za ka zubar da tarin shekara biyu ka sayi abin da bai kai wanda ke cikin jakarka ba wajen wannan aiki.

Saboda haka in ka shiga shago, ka ƙyale babban rubutu, ka nemi ƙananan lambobin nan guda biyu masu ɗigo biyu a tsakani. Kamfanin Nikon ma "Micro" yake rubutawa a kan nasa, kada hakan ya ruɗe ka, abu ɗaya ne. In kana son shaidar da ba ta buƙatar rantsuwar ɗan kasuwa, tafi da ma'aunin nan na ƴan makaranta mai zanen milimita. Ɗora madubin a kamararka, matsa iyakar inda hoto ke fita fes, ka ƙirga milimita nawa suka shiga daga hagu zuwa dama. In 22 ne zuwa 24, to 1:1 ne. Ko ma'auni babu, tsabar dala ashirin ta isa: faɗinta milimita 26 ne, a 1:1 ba za ta shiga hotonka gaba ɗaya ba.

Furannin da za ka ɗauka

Kafin ka zaɓi madubi, zauna ka jera furannin da kake nufi, domin girmansu ya bambanta ƙwarai. Furen kuka, farin nan da ke reto a ƙarshen dogon sili, wanda ke buɗewa da almuru jemagu su zo masa cikin dare, kafin wani daren ya yi yaushi, ya kai tafin hannu. Wannan madubinka na yanzu ya ishe shi. Haka furen kuɓewa da na yakuwa da na bado a kan tabki, da jan tuntun ɗorawa, har da furen ƙarya kanta, wadda ke ƙawata tsakar gida cikin rani alhali ba ta da ganye. Duk waɗannan tsakanin 1:4 da 1:2 ake ɗaukarsu.

Aiki yana farawa ne daga furen tumfafiya da na zogala, masu kimanin santimita 2, da ɗan rawayan furen gujiya, wanda bayan ya sha barbara yake tura tsinke cikin ƙasa ya haihu a can. Sai kuma zangarniyar hatsi, wadda ba kowa ya san fure take yi ba: fararen zarurruka na mace su ne ke fara fitowa, bayan kwana biyu ko uku na namiji su biyo baya da garinsu, shi ya sa yawancin barbarar hatsi daga wata zangarniya iska ke kawo ta. In kana son manomi ya ga wannan da idonsa, sai 1:1. Haka nan furen albasa, da ƙwallon bagaruwa wanda tarin ƙananan furanni ne da suka dunƙule wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin 1:1. Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, furensa ja-ja mai ban sha'awa madubin makro zai ɗauke shi sarai. Amma irinsa, wanda tsiro ɗaya ke zubar da dubban dubbai, ya kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar hatsi, bai kai rabin milimita ba. Akwai maduban da aka yi domin irin wannan, kamar MP-E 65 na Canon da ya fito a 1999, mai ninka girman abu har sau 5, sai dai ba ya ganin komai da ke nesa, kuma aikinsa na ɗakin bincike ne. Kada ka sa shi cikin lissafinka.

Gajere ko dogo

Maduban makro kashi uku ne: gajeru masu milimita 40 zuwa 60, matsakaita masu 90 zuwa 105, da dogaye masu 150 zuwa 200. Dukkansu suna iya kai wa 1:1. Inda suka rabu shi ne tazarar da ke saura tsakanin bakin madubi da fure. A nan ma akwai tarko: nisan da kamfani ke rubutawa daga allon cikin kamara ake auna shi, inda aka zana wani ɗan da'ira mai layi a tsakiya a saman kamarar. Sai ka cire kaurin kamara da tsawon madubin kafin ka san abin da ya rage maka.

Ga misali. Mai milimita 40 na Nikon an rubuta masa kimanin santimita 16, amma a 1:1 abin da ke tsakanin bakinsa da fure bai kai santimita 5 ba. Mai 60 na Canon an rubuta 20, saura wajen 9. Masu 100 ko 105 an rubuta 30 ko 31, saura 13 zuwa 15. Mai 180 yana barin kusan santimita 25, sai dai nauyinsa ya kusa ko ya haura kilo ɗaya, kuɗinsa ma haka.

Wannan tazara tana da amfani uku. Na farko haske: wanda ya kusanci fure da santimita 4, inuwar madubinsa da ta kansa za su rufe shi. Na biyu ƙwari: tunda masu kiwon zuma kake son yi wa aiki, kana buƙatar hoton zuma a kan fure, ita kuwa ba ta jiran wanda ya cusa mata gilashi a fuska, in ma ta jira, harbi ne sakamako. Na uku abin da ke bayan furen: dogon madubi yana tsuke fagen da yake gani, sai kara da shinge da ledar da iska ta maƙala a ƙaya su narke su zama launi ɗaya mai laushi, gajere kuwa yakan kwaso su duka. Ga wanda aikinsa a gona yake, tsakanin ƙaya da ƙaiƙayi, matsakaicin nan na 90 zuwa 105 shi ne zaɓin da ba a cika yin nadamarsa ba. Ƙari a kan haka, yana fitar da hoton fuska da kyau, ka ga ranar suna ko biki zai iya maido maka da wani abu daga kuɗinsa.

Gajeren ma yana da ranarsa. Ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka a kan moto, hannu bai cika rawa da shi ba. In yawancin aikinka tsakanin 1:4 da 1:2 zai tsaya, ko kuwa ganye da iri za ka riƙa shimfiɗawa a kan tebur kana ɗauka, mai 60 a kan kamara irin taka zai yi maka hidima ba tare da ƙorafi ba.

Abin da madubi ba zai yi maka ba

Wajibi ne in gaya maka wata gaskiya tun kafin ka saya, don kada ka ce an sake cutarka. Duk yadda ka ƙara kusantar abu, kaurin wurin da ke fita fes a hoto yana raguwa. A 1:4, da ƙofar haske a f/8, kimanin santimita ɗaya ne. A 1:2 ya koma wajen milimita 3. A 1:1 kuwa milimita ɗaya tak, in ka tsuke ƙofar zuwa f/16 ya zama 2. Wannan lissafin manyan kamarori ne, a taka bai ma kai haka ba. Ma'ana, bakin fure zai fita, cikinsa ya yi hazo. Wannan hukuncin haske ne, mai milimita 40 da mai 180 duk ɗaya suke a gabansa, mai tsada da mai araha ma haka.

Saboda haka lambar f/2.8 da ake tallar waɗannan madubai da ita kada ta ɗauke maka hankali, domin a kusa da fure tsakanin f/8 da f/16 za ka yini. In ka wuce nan zuwa f/22 ko f/32, haske yakan tarwatse a bakin ƴar ƙofar, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Sannan a 1:1 hasken da ke isa allo rubu'in wanda aka saba ne, sai kamara ta nemi ƙarin lokaci, iska kuwa ba ta ba da lokaci. Na'urar hana rawar hannu da ake sa wa sababbin madubai tana taimako, amma hannunka kaɗai take riƙewa, ba ta riƙe reshen da iska ke kaɗawa. Saitin da kamara ke yi da kanta shi ma yakan yi ta kai da kawo a irin wannan kusanci, har masu sana'a sukan kashe shi, su saita da hannu, su riƙa matsawa gaba da baya da jikinsu sannu a hankali har wurin da suke so ya fita.

Maganin waɗannan duka ba ya da tsada. Fita da sassafe, kafin iska ta tashi, kafin rana ta yi ƙarfi ta ƙone launi. Nemi ƙafa-uku wadda ke iya durƙusawa har ƙasa, in babu, ƴar jaka cike da yashi ta isa. Farin ƙyalle da yaro zai riƙe tsakanin rana da fure yana tausasa inuwa, farar takarda daga ƙasa tana maido da haske cikin furen. Ka daidaita kamara ta fuskanci furen sosai, domin yawancinsa ya shiga cikin ɗan siririn wurin nan. Akwai kuma dabarar ɗaukar hotuna da yawa, kowane da saitinsa, a haɗe su cikin kwamfuta su zama ɗaya mai fita daga gaba har baya, amma sai furen da ba ya motsi.

Wajen ciniki

Sabon madubi matsakaici daga manyan kamfanoni ya fi ƙarfin abin da ka tara. Mai 105 da Nikon ya fitar a 2021 domin sababbin kamarorinsa kusan dalar Amurka 1000 aka sa masa, wato fiye da jika 500 na sefa, ban da sufuri da duwan. Hanyarka ita ce na hannu. Sa'ar da ka yi, madubin makro ba ya tsufa da wuri, kuma kamfanoni irin su Tamron da Sigma da Tokina sun daɗe suna ƙera masu kyau a kan kuɗi kaɗan. Tamron ya fara fitar da mai 90 tun 1979, a lokacin 1:2 yake bayarwa, daga 1996 ya kai 1:1. Ka lura da wannan, kada a haɗa ka da na farkon a kan kuɗin na biyun.

Abu na farko, bakin ɗauri. Kowane kamfani da nasa: Canon yana da EF, Nikon yana da F, Sony yana da E, kuma a 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbi, RF da Z. Tsohon madubi yana hawa sabuwar kamara ta hanyar wani zobe, amma sabo ba ya hawa tsohuwa. In kamararka Nikon ce daga jerin D3000 ko D5000, ka sani babu injin saiti a cikinta, tsofaffin maduban da ba su da nasu injin da hannu kaɗai za ka saita su. Ga fure wannan ba asara ba ce babba, amma hujja ce ta neman ragi. Kada ka yi ciniki sai da kamararka a hannu.

Na biyu, haska cikinsa da tocilar salula, ka duba ta ɗaya gefen. Ƴar ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto. Abin gudu shi ne farin zare kamar saƙar gizo-gizo, wato funfuna, wadda ke kama gilashi a garuruwa masu laima. Yawancin kayan hannu ta tashoshin bakin teku suke iso mana, saboda haka a duba da kyau. Na uku, ganyayyakin ƙofar haske su kasance a bushe, babu maiƙo, suna buɗewa suna rufewa nan take. Na huɗu, murɗa zoben saiti daga farko har ƙarshe, in ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya riga ka shiga. In ka samu zaɓi, ɗauki wanda ba ya miƙewa waje lokacin saiti, domin mai miƙewa yana shaƙar iska yana fitarwa, kuma kai ka san abin da iskar hunturu ke ɗauke da shi a ƙasar nan. Don haka ma kada ka sauya madubi a fili ranar buji, kada kuma ka bar shi cikin mota a rufe cikin bazara.

In kuɗin ba su kai ba

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi da ya kamata ka sani. Ta farko zobba ne marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kamara da madubi, yawanci uku ake sayarwa tare, masu milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsu mai sauƙi ne: raba kaurin zobe da tsawon madubi, abin da ka samu shi ne ƙarin girma. Zobe mai 25 a kan madubi mai 50 yana ƙara rabi, ukun nan a haɗe kuwa suna wuce da shi 1:1. Aibinsu shi ne muddin suna ɗaure ba ka ganin nesa, kuma sawa da cirewa ƙofa ce ga ƙura. Ka nemi masu ƙananan ƙusoshin lantarki, in ba haka ba kamara ba za ta iya sarrafa ƙofar haske ba.

Ta biyu gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin madubi, kamar tabarau na tsofaffi. Mai ƙarfin +4 yana sa madubi ya ga abin da ke santimita 25, mai +8 kuma santimita 12 da rabi. Na gilashi ɗaya yakan ɓata gefen hoto da launuka, wanda aka haɗa gilasai biyu ko uku, irin na kamfanin Raynox, ya fi shi nesa ba kusa ba. Wannan hanya ta fi amfani a kan dogon madubi, shi ya sa ni ma daga baya da ita na ceci wancan da na saya bisa kuskure.

Kada ka raina waɗannan hanyoyi. Karl Blossfeldt, Bajamushen nan malamin zane a birnin Balin, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1932, da kamarar da ya haɗa da hannunsa ya ɗauki dubban hotunan tsirrai domin koyar da ɗalibansa. Littafinsa ya fito a 1928, har yau ana karatu a kansa, alhali madubin makro na farko irin na ƙananan kamarori, wato Makro-Kilar na Heinz Kilfitt, sai a 1955 ya bayyana.

Shawarata

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Damina ɗaya zan fara yi da madubin 18-55, in ɗauki duk manyan furanni, in rubuta waɗanda suka gagare ni. Bayan haka in nemi na hannu mai 90 ko 100 ko 105, wanda ma'auni ya shaida 1:1 ne, in bar wani abu daga kuɗin domin ƙafa-uku da batir na biyu. In bai samu cikin abin da na tara ba, in koma ga mai 60, ko in sayi zobba in ci gaba da tari. Dogon nan mai rubutun "Macro" kuwa in bar wa mai shago kayansa, sai fa in tsuntsu ko kokawa nake son ɗauka daga nesa.

Aikin da ka ɗauko ya fi madubin daraja. Hoto a wannan yanki namu na fuskar mutum ne: Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, Philippe Koudjina a Yamai, sun bar mana tarihin ado da biki da rawa. Tsirranmu kuwa ba su samu mai yi musu irin wannan hidima ba sai kaɗan. Ga shi jiharka ce, tun daga shekarun 1980, ta koya wa duniya sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya zama itace, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Gawon da ke cikin waɗannan gonaki yana fure ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da abincin zuma ya fara ƙaranci, amma yara nawa ne a makarantunmu za su iya nuna furensa? Tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa da amfaninta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka kowane hoto ka rubuta masa sunan tsiron da Hausa kamar yadda mutanen wurin ke faɗi, da rana, da wuri. Ka ɗauki tsiron gaba ɗaya, sannan ganye, sannan fure, ka ajiye tsinken ashana a gefe domin mai kallo ya san girmansa. Ka nemi izinin mai gona kafin ka shiga, kada ka tsinke abin da ka zo ɗauka. Ka yi hattara da farin ruwan tumfafiya, yana cutar da ido, na ƙarya kuwa dafi ne, a wanke hannu kafin a taɓa fuska ko abinci. Sunan da ya shige maka duhu ka kai hotonsa ga masanan INRAN da ke Tarna, kusa da kai suke.

Ƙanena, Allah ya sa albarka cikin abin da ka tara, ya haɗa ka da ɗan kasuwa mai tsoronsa. In ka ɗauki furen gawo na farko, ka aiko mana mu gani. Sauran masu karatu da ke da tambaya, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.